Buhun hatsi kaɗai ba ya raya baƙo: daga Kakalaba zuwa Bama

Jama'a, rubutun yau yana da ɗan tsawo, sai ku yi haƙuri da ni.

Duk lokacin da aka ce an rage wa 'yan gudun hijira abinci, sai in ga muhawararmu ta tsaya a kan buhu: nawa aka kawo, nawa aka raba, nawa aka karkatar. A watan Yulin 2025 Hukumar Samar da Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa kuɗinta sun ƙare, har tana shirin dakatar da tallafi ga mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabashin Najeriya, tare da rufe cibiyoyin kula da yara masu tamowa wajen 150. A gabashin Chadi ma, dubban ɗaruruwan mutanen Darfur da suka tsallako ta garin Adre tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 suna cikin irin wannan zullumi. Lissafin buhu yana da muhimmanci, ban musa ba. Amma abin da na fahimta daga tarihin yankinmu shi ne, mutumin da ya bar gida yana iya samun hatsi kullum, kuma jikinsa ya ci gaba da lalacewa. Dalili kuwa, abin da ya baro a baya ya wuce rumbu. Ya baro nonon da ake dama masa fura da shi, ya baro kukar bayan gida, ya baro mai shagon da ya san ubansa har yake ba shi bashi. Wannan zancen nake so mu bi daki-daki.

Mu fara da sunayen da kakanninmu suka raɗa wa yunwa, don sunayen kansu tarihi ne. Daminar 1913 ba ta yi kyau ba, sai shekarar 1914 ta zo da yunwar da ake kira Kakalaba. Jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, cinikin gyaɗa ya fara kankama, ga harajin Turawa da sai da kuɗi ake biyansa. Mutane suka yi ta kwararowa daga ƙasashen da ke hannun Faransa zuwa kudu, da yawa suka mutu a hanya kafin su ga ganuwar birni. Ta 1927 ana ce mata 'Yar Buhu. Ta 1942 ana ce mata 'Yar Gusau, saboda can aka riƙa dosa neman hatsi. A yammacin Nijar kuwa, yunwar farkon shekarun 1950 da garin rogo ake tuna ta, wanda aka riƙa shigo da shi daga kudu lokacin da gero ya ɓace. Ku lura da kyau: wani sunan garin da aka yi ƙaura zuwa gare shi ne, wani kuma baƙon abincin da aka koma ci ne. Tun wancan lokacin mutane sun san yunwa tafiya take sa mutum, kuma ta canza masa cima.

Me ya sa baƙo ya fi ɗan gari shan wuya, alhali yunwar ɗaya ce? Hausawa sun ce ɗan gari kaba, baƙo raɓa. Ɗan gari in rumbunsa ya ƙare, daji bai ƙare masa ba. Matarsa ta san inda tafasa take, ta san yaɗiya, rama, zogale, ta san kwana nawa ake jiƙa hanza ana sauya mata ruwa kafin ɗacinta ya fita. Yaransa sun san goriba, aduwa, kanya da ɗinya. In abin ya yi tsanani har gidan tururuwa ake tonawa a kwashe tsabar da ta tara. Sannan yana da dangi da surukai, yana da wanda zai ba shi rancen dami a biya da kaka, ana kuma tunawa da shi ranar fitar da zakka. Baƙo ba shi da ko ɗaya. Bai san dajin ba, kuma ko ya sani, kukar tana da mai ita. Waɗannan ganyayyaki da 'ya'yan itatuwa da muke rainawa, su ne suke ɗauke da sinadaran da tsaba ba ta da su. Wanda ya rasa su ya rasa rabin abincinsa, ko da tukunyarsa ba ta kwana a kife ba.

Misali mafi bayyana a tarihinmu shi ne farin da ya fara a 1968 ya kai ƙololuwa a 1973 da 1974. Ya shafi Muritaniya, Senegal, Mali, Burkina Faso ta yanzu, Nijar da Chadi, ya kuma taɓa arewacin Najeriya sosai. A 1973 ne Tafkin Chadi ya rabu gida biyu saboda janyewar ruwa. Ƙiyasin da aka fi ambato shi ne mutum wajen 100,000 suka rasu a yankin, kuma binciken da aka yi a lokacin ya nuna yaran makiyaya sun fi na manoma galabaita.

Ku duba yadda abin yake ga Buzu ko Bafulatanin daji. Rayuwarsa a kan nono take. Ana sha ɗanye, ana yin kindirmo da cuku, ana fitar da man shanu, ana kai saura kasuwa a karɓo gero. Da ciyawa ta ƙare, nono ne ya fara ɗaukewa tun dabbar tana tsaye. Sai kowa ya kora ramammun dabbobinsa kasuwa a lokaci ɗaya, farashinsu ya faɗi warwas, na gero kuma ya yi sama. Saniyar da a da za ta sayi buhuna, ta koma ba ta kai buhu guda. Masanin tattalin arzikin nan ɗan Indiya, Amartya Sen, ya ware babi guda a littafinsa na 1981 kan wannan yunwa ta Sahel, kuma abin da ya nuna ke nan: mutum yana iya mutuwa da yunwa ga hatsi a kasuwa, in abin da yake musaya da shi ya rasa daraja.

Da dabbobin suka ƙare, sai aka doshi garuruwa. Sansanoni suka tashi a gefen Tambutu da Gao a Mali, da Agadas, da kuma wanda ya fi suna, wato Lazare a bayan Yamai, inda dubban mutane suka taru, da yawansu Buzaye daga Mali. Lazaren nan da a yau unguwa ce a cikin birnin, wannan tarihin ta ɗauka.

To me aka ba su? Mafi yawa dawa ce daga Amurka, kuma an yi ta ƙorafin cewa wani kaso nata irin wadda ake ba dabbobi ce a can. Ku kwatanta yaro ɗan shekara biyu da bai san komai ba sai nonon uwa da na raƙuma, a wayi gari a tura masa gaskakkiyar dawa ba mai ba miya. Cikinsa ƙarami ne, ba zai iya cin abin da zai ishe shi ba, wanda ya ci kuma ba ya narkewa. Sai gudawa. An kuma kawo madarar gari, aka ce ai masu shan nono ne. Amma wannan an cire mata maiƙo, kuma bitamin A a cikin maiƙon yake. Ga shi da ruwa ake dama ta, ruwan sansani kuwa kun san yadda yake. Madarar da aka dama da gurɓataccen ruwa aka bari a zafin rana, gidan ƙwayoyin cuta ce. Sai a 1989 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa ƙa'ida mai tsauri kan rabon madarar gari a sansanoni, bayan an sha ganin ɓarnarta a wurare daban-daban.

A nan ne nake so a fahimci yadda tamowa take kisa. Kaɗan ne daga cikin yaran suke mutuwa don ciki ya zama wayam. Yawanci jiki ne yake raunana, garkuwarsa ta faɗi, sai cuta ta samu ƙofa. Makiyayan da suka saba zama a warwatse, aka cusa su wuri guda, yaransu ba su taɓa yin rigakafi ba, sai ƙyanda ta shiga ta yi ta ɗiba. Ƙyanda tana ƙone ɗan bitamin A da ya rage a jiki. Yaro ya fara da dundumi, da magariba ta yi sai ya riƙa laluben bango. In ba a kula ba idon ya bushe, ya yi gyambo, ya tsiyaye. Gudawa tana hana abinci zama, rashin abinci yana tsawaita gudawa, haka za su yi ta miƙa wa juna yaron har ya ƙare. A takarda za a rubuta ƙyanda ko gudawa, amma cima ce ta share musu hanya.

Abin bai tsaya a sansani ba. Ranar 15 ga Afrilun 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma babban zargin da aka yi wa waccan gwamnati shi ne ɓoyewa da sayar da abincin agaji. Ke nan batun karkatar da buhu gaskiya ne, tsohon ciwo ne. Abin da nake ƙarawa kawai shi ne, ko da kowane buhu ya isa Lazare lafiya, da yara da yawa sun mutu duk da haka, saboda abin da ke cikin buhun bai dace da jikinsu ba.

Waɗanda ba su tsaya a sansani ba suka wuce gaba. Wasu suka nufi Aljeriya da Libiya. Wasu suka gangaro Kano, Kaduna har Legas, suka zama masu gadi. Duk wanda ya tashi a biranen Arewa ya san Buzu mai gadi da ɗan butar shayinsa a kan gawayi, amma ba kowa ya tsaya ya tambayi abin da ya kawo shi ba. Mutumin da ya tashi da garken raƙuma ya koma rayuwa a kan burodi, garin kwaki, taliya da shayi mai sukari. Ba zaɓinsa ba ne, shi ne abin da kuɗin gadi yake iya saya, kuma shi ne abin da ake iya dafawa a ƙofar gidan wani. Shekara goma bayan haka fari ya dawo a 1984, ya tarar Najeriya ta rufe iyakokinta tun watan Afrilu saboda canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Hanyar ci-rani da ta hatsi suka toshe a lokaci guda. Shi ya sa har gobe a Nijar ake kiran yunwar wannan shekara El Buhari.

Kada wani ya ce wannan matsalar makiyayanmu ce kawai. Bari in fita daga yankinmu in kawo misalai uku, don a ga abu ɗaya ne yake maimaita kansa.

Na farko a Malawi. Yaƙin basasar Mozambik ya kora mutane wajen miliyan guda zuwa can a ƙarshen shekarun 1980. Ana ba su masara, wake da gyaɗa. A 1990 gyaɗar ta yanke na wasu watanni. Masara ba ta yanke ba. Cikin wannan shekarar aka ƙirga mutum fiye da 18,000 da suka kamu da cutar da likitoci ke kira pelagra: fatar da rana ke duka ta yi baƙi ta tsattsage, musamman a wuya da hannuwa, ga gudawa, in ta yi nisa har hankali ya taɓu. Rashin bitamin B3 ke kawo ta. Masara tana da shi amma a ɗaure, jiki ba ya iya ɗauka sai in an dafa ta da toka ko farar ƙasa kamar yadda mutanen Meziko suke yi tun fil azal. Gyaɗar ce take cike wannan giɓi. Mata sun fi maza kamuwa. Kuma ga abin da ya fi jan hankalina: waɗanda suke zaune a cikin ƙauyukan 'yan ƙasa, ko suke da ɗan lambu, ba su kamu kamar na cikin sansani ba.

Na biyu a Habasha, sansanin Hartishek, inda Somaliyawa suka gudo daga yankin Hargesa a 1988. A 1989 cutar rashin bitamin C ta ɓulla: dasashi ya kumbura yana zubar da jini, gaɓoɓi suna ciwo, tsohon miki ya ƙi warkewa. Cutar da aka fi sani da matuƙan jiragen ruwa na zamanin da, ga ta a tsakiyar tudu. Wata biyu zuwa uku ba ɗanyen abu ya isa ta bayyana. Yawancin mutanen nan a gida nonon raƙumi ne yake ba su wannan sinadari ba tare da sun san sunansa ba. Alkama da mai ba su da shi.

Na uku a Tinduf ta Aljeriya, inda mutanen Yammacin Sahara suke zaune a sansanoni tun tsakiyar shekarun 1970. Wani bincike da aka buga a 2012 ya gano cewa kusan gida ɗaya cikin huɗu yana fama da abu biyu a haɗe: uwa da ƙiba mai yawa, yaro kuma da alamun tamowa. Shekara da shekaru a kan fulawa, shinkafa, sukari da mai, haka suke yi wa jiki. Ciki ya cika, jini ya yi ƙaranci, yara su tsumbure, manya kuma su doshi ciwon sukari da hawan jini. Don haka in kun ga 'yar gudun hijira da jiki, kada ku yi saurin cewa ai ga ta nan ɓul-ɓul, me ta rasa.

Mu dawo gida. A watan Yunin 2016 ƙungiyar likitoci ta MSF ta samu shiga Bama, ta tarar da mutum wajen 24,000 a harabar wani asibiti da aka mayar sansani. Suka ƙirga kaburbura fiye da 1,200 a kusa da wurin, 480 daga ciki na yara ne. Waɗannan manoma ne da masunta da makiyaya, 'yan jihar da ke aika busasshen kifi da wake har kudancin ƙasar. Abin da ya same su shi ne an killace su, ba fita gona, ba fita daji, ba kasuwa. Shekara 42 tsakanin Lazare da Bama, amma ciwon iri ɗaya ne, kuma gudawa da tamowa ne suka sake yin aikin.

Akwai ci gaba, ba zan hana ba. Yanzu ƙa'idar agaji ita ce kalori 2,100 ga kowane mutum a rana, ana ƙara bitamin a mai da gari, ana gaggauta rigakafin ƙyanda da zarar an kafa sansani. Sannan akwai abincin nan na cikin leda da ake ba yara masu tamowa, Plumpy'Nut, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996. A yunwar 2005 a Nijar, musamman a Maradi, aka gwada shi a kan dubban yara aka ga uwa tana iya jinyar ɗanta a gida. Ba a dama shi da ruwa, shi ne sirrinsa. Kuma mene ne a ciki? Gyaɗa, madara, sukari, mai da sinadarai. Gyaɗar dai da muka taɓa tara dalarta a Kano. Amma wannan magani ne na wanda ya riga ya faɗi. Kuma in kuɗi suka yi ƙasa, abin da ake fara cirewa daga rabo shi ne wake da mai, a bar tsaba, tunda ita ce ake gani a hoto. Wato a koma Malawi ta 1990.

To mene ne abin yi? A ganina darasin Malawi shi ne mafi girma: baƙon da aka bari ya shiga cikin mutane ya fi wanda aka killace lafiya. Yuganda ta daɗe tana ba 'yan gudun hijira ɗan fili su noma. A jihar Maradi, mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina da 'yan bindiga suka koro tun 2019, an zaunar da wasunsu a jikin garuruwa irin su Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, suna cin kasuwa ɗaya da 'yan gari, yaransu na shiga makaranta ɗaya. Ba a ce babu wahala ba, amma mace da ke iya fita ta tsinko zogale, ta yi surfe ko wankau ta sayi daddawa, ba ɗaya take da wadda ke jiran mota wata-wata ba. Haka kuma inda kasuwa take ci, ba mutum kuɗi a hannu ya fi ba shi buhu, don uwa ta fi kowane jami'i sanin abin da tukunyarta ta rasa.

Mu kuma da muke zaune a garuruwan da baƙin suke sauka, akwai namu. Yawancin waɗanda rikicin Arewa ya raba da gidajensu ba a sansani suke ba, suna cikin unguwanninmu, a kangwaye da gidajen 'yan uwa, babu sunansu a wata takardar rabo. In ƙungiyarku ta unguwa ko ta tsofaffin ɗalibai za ta yi rabon azumi, don Allah a rage shinkafa da taliya kaɗan a sa wake, gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, manja, garin kuka, busasshen kifi. In kana da fili a bayan gari da ba ka nomawa, ara wa wani damina ɗaya. In kin ga yaron maƙwabciya gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa sun kumbura, ko yana tuntuɓe da magariba, ki raka uwar asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A tambaya ko an yi masa allurar ƙyanda. Mai ciki da mai goyo su ne kan gaba, don abin da yaro ya rasa daga ɗaukar cikinsa zuwa shekara biyu da wuya ya rama shi daga baya, a tsawo ko a ƙwaƙwalwa.

Waɗanda suka taka zuwa Gusau a 1942 kakannin wasunmu ne, kuma wasu ne suka buɗe musu ƙofa har muka samu zuwa duniya. Wanda ya ji wani sunan yunwa daga bakin tsofaffin garinsu, ko abin da aka ci a shekarar, ya rubuto mana a ƙasa mu ƙaru. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.